Yadda Sikotland ke haɗa kan hukumomi don kula da yara

A Sikotland, ƙaramar hukuma ba ta tsara ayyukan yara ita kaɗai. Dokar Yara da Matasa ta 2014 ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma, su 32, ta zauna da hukumar lafiya ta yankinta su fitar da shiri guda duk bayan shekara uku. An fara a watan Afrilun 2017.

Dalili kuwa, damuwar yaro ba ta tsayawa a ofis ɗaya. Malama ce ke ganin yarinya na gyangyaɗi a aji, ma'aikaciyar jinya ta san ta rame, jami'in gidaje ya san ɗakinsu na yoyo. In kowa ya yi gum da abin da ya sani, ba a gano bakin zaren.

Don haka ana tuntuɓar 'yan sanda da ƙungiyoyin sa-kai, kuma kowace shekara a fitar da rahoton inda aka kwana. Ma'aunan da ake duba walwalar yara da su takwas ne, ciki har da tsaro, lafiya, ci gaban karatu da jin ra'ayin yaro.

Akwai inda aka yi tuntuɓe. Dokar ta so a naɗa wa kowane yaro jami'i guda mai sa ido, amma a 2016 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce musayar bayanan da tsarin ya ƙunsa na iya keta sirrin iyali. A 2019 gwamnatin Sikotland ta sanar da janye wannan sashe, shirin haɗin gwiwar kuwa yana nan.