Naira da Sefa: Abin da Ya Shafi Buhun Manomi

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Jibiya ko Illela ko Maigatari ya ga 'yan canji zaune a inuwa, naira a gefe guda, sefa ta Nijar a gefe guda. Manomi yakan wuce su, yana ganin ba ruwansa da su tun da shi gero ya kawo. Alhali kuwa farashin da suka yanka ran nan yana cikin abin da zai sa buhunsa ya yi tsada ko ya yi araha.

Kuɗi ma kaya ne. In masu neman sefa sun fi masu sayarwa yawa sai ta hau, in ta yi yawa a hannun 'yan canji sai ta sauka. Amma akwai wani dalili da ya fi wannan ƙarfi, watau ita sefa a ɗaure take. Tun da aka kafa ta a 1945 aka jingina ta ga kuɗin Faransa. Daga 1960 sefa 50 ce faran ɗaya na Faransa, har watan Janairu na 1994 da aka kashe rabin darajarta a dare ɗaya, aka mai da ita 100. Daga 1999 kuma aka ɗaura ta ga yuro, kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 656 ba kaɗan. Ita naira, wadda ta gaji fam a 1973, fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kwabo goma, Gwamnati ta sassauta mata linzami a 1986, ta sake sakinta ga kasuwa a watan Yuni na 2023. Saboda haka in naira ta faɗi gaban yuro, ta faɗi gaban sefa ke nan, ko da ba abin da ya faru a Maraɗi.

To, ga misali, ba farashin yau ba ne. A ce sefa 1,000 naira 2,500 ce, buhun gero kuwa naira 50,000 a Dawanau. Falke daga Maraɗi zai kashe sefa 20,000 ya ɗauki buhu. In naira ta faɗi har sefa 1,000 ta zama naira 3,000, wannan buhu bai kai masa sefa 17,000 ba. Sai ya ƙara mota, 'yan'uwansa su biyo shi, gero ya tashi. Manomi ya ji daɗi. Amma kada ya yi saurin murna, domin maganin feshi da injin ban ruwa da kayan tarakta yawancinsu daga waje ake kawo su, da kuɗin waje ake biya, su ma sai su tashi. Wanda ya sayar da kaka ya ajiye takarda har bazara yakan tarar kuɗin sun rame a aljihu. Mai sayen dabba kuma abin ya juye masa: ragon sefa 60,000 da ya saya naira 150,000, yanzu sai 180,000.

Har wa yau mai canji farashi biyu gare shi, na saye da na sayarwa. In ya karɓi sefa a 2,450, ya sayar a 2,550, ɗarin nan da ke tsakani ita ce ribarsa, ba kuwa cuta ba ce. Sai dai wanda ya canja kuɗinsa ya fasa ciniki, ya dawo ya mayar, ya yi asara ba tare da ya sayi kome ba. Gara mutum ya ji farashin kaya tukuna, sa'an nan ya canja daidai bukata.

Abin da ya fi rikita baƙo shi ne ƙirga. Mutanen Nijar da dala suke lissafi, ba ta Amurka ba, dala ɗaya sefa biyar ce. Wanda ya ce "dala ɗari" sefa 500 yake nufi, jika guda kuwa sefa 1,000. A Nijeriya jaka fam ɗari ce a da, watau naira 200. Malamin da ke rubuta wa fatake lissafi ya kamata ya tambaya wace jika ake nufi, ya rubuta adadin da lamba gaban mai saye da mai sayarwa kafin a ce albarka ta koma sallama.