Shirin Musamman: Abin da Kwalin Talabijin Bai Faɗa Ba



Duk wanda ya leƙa shagunan kayan lantarki a titin IBB ko a Babbar Kasuwar Katsina ya san yadda abin yake. Ga talabijin jere a bango, duk suna nuna furanni da kifaye, hoto tar kamar ka kai hannu ka taɓa. Mai shago ya ce, "Alhaji, wannan 4K ce, kuma smart." A yi ciniki, a ɗora a Keke Napep zuwa Ƙofar Ƙaura, a jona da dikoda. Sai hoto ya fito dishi-dishi, maigida ya fara tunanin ko an musanya masa ne.

Ba a musanya ba. Allon talabijin ɗigo-ɗigo ne na haske. Full HD na da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, wajen miliyan 2 ke nan. Ita 4K tana da 3840 da 2160, sama da miliyan 8. To amma allo ba ya ƙirƙirar abin da ba a aiko masa ba. Hoton shago an ɗauke shi ne musamman don talla, alhali yawancin tashoshin da ke shigo mana ta dish ko eriya ko Full HD ɗin ba su kai ba. Sai allon ya ja ɗan abin da ya samu ya baje shi, kuma iya girman allon iya fitowar aibin.

Akwai kuma batun fasali. Tun da aka buɗe talabijin a Kaduna a 1962 har zuwa zamanin finafinan kaset, allo kusan murabba'i ne, 4 bisa 3. Na yau shimfiɗaɗɗe ne, 16 bisa 9. Shi ya sa in an sa tsohon fim, kowane jarumi sai ya yi ƙiba dare ɗaya. Maganin yana cikin rimot: a mayar da hoton 4:3, a haƙura da baƙin da zai fito gefe da gefe.

Ita kuwa smart, kwamfuta ce ƙarama a cikin talabijin, kuma abincinta data. Kamfanin Netflix da kansa ya ce kallon 4K kan ci har gigabait 7 a awa guda. Wanda zai kalli Labarina a YouTube da datar wayarsa, ya rage ingancin hoton zuwa 720, in ba haka ba kafin a kai rabin shirin an turo masa saƙon cewa datarsa ta ƙare.

A ganina, tambayar da Bakatsine ya kamata ya fara yi ita ce: wat nawa take ja? LED mai inci 32 ba ta cika wuce wat 50 ba, ƙaramin sola zai riƙe ta, har akwai masu aiki da batir kai tsaye. Mai inci 65 kuwa kan haura wat 100. Iyayen amarya masu haɗa kayan ɗaki, ku sa sitabilaiza a lissafi, don wutar da ake dawowa da ita da ƙarfi ita ke ƙona allon wutar ciki. Wannan masu gyara na iya canjawa. Gilashin gaba ne in ya fashe, kuɗin gyaransa ya kusa kuɗin sabuwa, saboda haka a kafe ta a bango inda ƙwallon yara ba ta kaiwa.