Gargaɗi Ga Jama'ar Gusau, Tsafe Da Bungudu: Gubar Jini Ba Ta Jiran Gobe

Jama'a, a saurara, a kuma isar wa wanda bai ji ba.

Gubar jini, wadda likitoci ke kira sefsis, tana faruwa ne idan ƙwayar cuta ta kama wani sashe na jiki, garkuwar jiki ta tashi yaƙarta har ta koma tana lalata ƙoda, huhu da ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017 cutar ta kashe mutum kusan miliyan 11, wato ɗaya cikin biyar na duk waɗanda suka rasu a shekarar.

Ƙofofinta a gidajenmu suke: mahaifar mai jego, cibiyar jariri, ciwon huhu, taifot da ya huda hanji, raunin harbi ko sara da aka ɗaure da tsumma.

A garzaya asibiti nan take idan aka ga:

- zazzaɓi mai zafi, ko jiki ya yi sanyi ƙalau
- numfashi sama-sama
- ruɗewa, sambatu ko barcin da aka kasa tayar da mutum daga cikinsa
- fitsari ya ɗauke yini guda
- jariri ya ƙi kama nono, jikinsa ya saki, ko cibiya ta yi ja tana mugunya
- mai jego da ciwon mara da jini mai wari

Wanda hawan jininsa ya faɗi yana buƙatar allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa 1, da ƙarin ruwa da oksijin, a kuma cire tushen cutar. Duk awar da aka ɓata, haɗarin mutuwa ƙaruwa yake yi. Ɗakin kulawa ta musamman na da injin numfashi da maganin ɗaga hawan jini, amma idan gaɓoɓi sun riga sun gaza, dabarar likita kaɗan ce.

Don Allah a daina "bari mu gani zuwa gobe". Kada a tsaya kan kafso na kemis ko jiƙo. Mun san halin hanyoyinmu da dare, don haka a tashi tun da rana. A fara da Babban Asibitin Tsafe ko na Bungudu; idan aka tura ku Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, kada ku biya ta gida.

Magidanta, ku ba iyalinku izinin fita asibiti tun yau, ko ba kwa nan. Limamai da masu unguwanni, ku sanar da jama'a. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.