Fadamar Kabi, Ganuwar da Ba Hannu Ya Gina Ba

Mu mutanen Zazzau, musamman mazauna Unguwar Gabas da kewayenta, tun daga Samaru har Sabon Gari, idan aka ambaci fadama, abin da yakan faɗo mana a rai shi ne ɗan kwarin nan na bakin Kubanni ko na gefen Galma, inda 'yan lambu ke dashen tumatir da albasa da rani, wurin da ko yaro ne ya naɗe wandonsa sai ya haye. Saboda haka ba za mu ga laifin mai karatu ba in ya yi shakka sa'ad da aka ce masa akwai wata fadama a ƙasar Hausa wadda sarakuna suka yi kusan ƙarni huɗu suna jayayya a kanta, wadda ta haifi daula ta raine ta, bayan daular ta faɗi kuma ta ɓoye 'ya'yanta har suka sake miƙewa. Wannan ita ce fadamar Gulbin Kabi, kuma abin da zai ƙara ba mai karatu mamaki shi ne mafarin ruwanta bai yi nisa da ƙofar gidansa ba.

Ruwan da ya sauka a Samaru yakan bi Kubanni ya faɗa Galma, Galma ta miƙa shi ga kogin Kaduna, shi kuwa ya kai shi Kwara ta ƙasar Nufe. Amma da mutum ya ɗan matsa arewa maso yamma, wajen Funtuwa, sai ƙasa ta karkata wani gefen, a nan ne Gulbin Sakkwato yake tasowa, ya ratsa Gusau, ya je ya gamu da Gulbin Rima kusa da birnin Sakkwato, daga nan su haɗu su zama Gulbin Kabi, su yi kwana su fuskanci kudu, su wuce Argungu da Birnin Kabi, su karɓi Gulbin Zamfara da Gulbin Ka, kafin su zuba a Kwara. A wannan kwanar ne ƙasa take shimfiɗewa, gudun ruwa ya ragu, kwarin ya buɗe har faɗinsa ya kai mil uku, wani wuri ma ya tasam ma biyar. Idan damina ta yi nisa, wajen watan Agusta da Satumba, gulbi ba ya iya riƙe abin da aka aiko masa daga gabas, sai ya tumbatsa ya malale kwarin duka, kamar kunun da aka zuba a faranti, garuruwan da ke kan tudu su koma tsibirai, burgu da shinkafa su yi ta tsawo suna bin ruwa. Ko bayan ruwan ya janye, ba ya janyewa gaba ɗaya, yakan bar tafkuna da rassa da laka mai kama ƙafa har tsakiyar hunturu.

To, mai hankali ya dubi abin da wannan ke nufi ga yaƙin mutanen da. Ƙarfin sarakunan Hausa da na Barno da na Sangai duk a kan doki yake, barde kuwa in ya sa sulke, ya lulluɓe dokinsa da lifidi, ya zama abin tsoro a fili mai tauri, amma da ya sa ƙafa a laka sai nauyin da ke kare shi ya zama ajalinsa, maharbi ɗaya da ke ɓoye cikin burgu ya ishe shi. Bayan wannan, mayaƙan zamanin manoma ne, ba a tara su sai an gama kaka, kuma da hadarin farko ya taso hankalinsu ya koma gona. Ke nan mai son ya ci Kabi watanni kaɗan ne gare shi tsakanin bushewar laka da faɗuwar ruwa, alhali Bakabe yana da kwalekwale, yana da kifi da shinkafa, ya san mashigi da inda ƙasa ke cin mutum, kuma ba ya gaggawar zuwa ko'ina.

Wanda ya fara gane wannan hikima ya gina mulki a kanta shi ne Muhammadu Kanta. Littafin Tarihin Sudan na Abdurrahman Sa'adi, malamin Tambutu, ya kawo labarin yadda Kanta, yana mai mulkin Leka, ya bi Askiya Muhammadu yaƙin Agadas, da aka dawo kuwa suka saɓa a kan rabon ganima, sai ya yi tawaye wajen shekarar 1516, rundunar Sangai ta zo ta kasa tanƙwara shi, haka kuma wani Askiyan da ya biyo baya ya gwada ya sha kashi. Kanta ya kafa biranensa a bakin fadama, Surame da Gungu da Leka, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ba za a tuhume shi da son kai ga Kabawa ba, ya shaida girman mulkinsa a cikin Infakul Maisuri. Ruwayoyin baka sun ƙara wa labarin gishiri yadda suka saba: an ce yana da jirgi wanda aka lulluɓe da tagulla, matuƙa hamsin ke tuƙa shi, da shi yake zaga ƙasarsa in ruwa ya cika, an ce Nufawa sun makara zuwa aikin ganuwar Surame, sai ya hukunta su da su kwaɓa ƙasarsu da man kaɗanya maimakon ruwa, an ce kuma da Mai na Barno ya kewaye birnin, an jera gawawwaki a kan ganuwa an tsaga bakunansu, Barebari suka hango kamar ana yi musu dariya, suka karaya suka tashi. Ko mutum ya karɓi waɗannan ruwayoyi ko ya ajiye su, labarin jirgin ya fi sauran nauyi a wurinmu, domin a duk sarakunan Hausa ba mu ji wani wanda aka tuna da shi a cikin jirgi ba a kan doki ba sai shi. Kufan Surame yana nan har yau da ganuwarsa ta duwatsu, gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa tun 1964.

Sai dai fadama tana tsare wanda ya haɗa kansa ne kawai, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1674 Agabba na Abzin ya ƙwace Adar daga hannun Kabi, a farkon ƙarni na goma sha takwas kuma Zamfarawa da Gobirawa da Abzinawa suka taru suka rushe tsoffin biranen, Kabawa suka gangara kudu suka kafa Birnin Kabi, a bakin fadamar dai. Wannan birni ne mujahidai suka buɗe a 1805 ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Aliyu Jedo, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita, a shekarar kuma Shehu Usmanu ya koma Gwandu da jama'arsa.

A zahiri magana ta ƙare ke nan, amma a haƙiƙa nan ta fara, domin cin birni daban ne, cin fadama daban. Hodi ya yi ta gwagwarmaya har aka kashe shi a 1826. Ƙanensa Karari ya tsaya a Argungu har rundunar Sakkwato da ta Gwandu suka ci garin a 1831, shi ma ya rasa ransa, an ruwaito cewa da ya ga ba makawa sai ya sauka daga doki ya zauna a kan garkuwarsa ya jira masu binsa. Aka ɗauki ɗansa Yakubu Nabame aka riƙe shi wajen shekara goma sha takwas, har Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya amince da shi ya bar shi ya koma gida, shi kuwa da ya taka ƙasar ubansa a 1849 sai ya ɗaga tuta, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka amsa masa. Daga wannan shekara har zuwan Nasara, fiye da shekara hamsin, Argungu ta zauna a tsakiyar Daular Usmaniyya ba ta biyan haraji, ba ta karɓar umarni, alhali tsakaninta da Gwandu bai fi tafiyar yini guda ba, tsakaninta da Sakkwato kuwa mil sittin ne da 'yan kai. A lura fa, daular da ake magana tutocinta sun kai Adamawa da Ilori.

Sirrin abin yana ga yadda garuruwan Kabawa suka zauna. Argungu tana gabar gabas, tana fuskantar abokan gaba, amma bayanta ruwa ne, bayan ruwan kuma ƙasar Arewa da Zabarma, inda taimako ke fitowa. Ga Augi da Gulma da Zazzagawa, garuruwa masu ganuwa, suna kallon juna ta ƙetaren kwari. Wanda ya zo ya yi sansani a gaban Argungu ya tsare ƙofa ɗaya ce, ta baya a buɗe take, kwalekwale na shiga da hatsi da mayaƙa da dare, in kuma ya ce zai haye ya kewaye, to ya raba rundunarsa biyu da laka a tsakani. Sarkin Gwandu Haliru ya gwada shiga wannan yanki a 1860, Kabawa suka yi masa kwanton ɓauna kusa da Tilli, bai koma gida ba. Hasarar Gwandu kuwa ba ta tsaya ga rayuka ba: hanyarta ta zuwa ƙasashenta na yamma, Sayi da Liptako, ta nan ta bi, haka gishirin Foga, haka fataken goro masu zuwa Gwanja. Baturen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya ratsa ta Gwandu a 1853 ya nufi Sayi, ya tarar hanyoyi cikin tsoro, garuruwa da yawa sun zama kufai.

Da gajiya ta kama kowa sai aka yi sulhu a 1867, zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, wanda har yau ake kira Lafiyar Toga, aka yarda Kabawa su riƙe abin da ke hannunsu. Shekara takwas aka samu ana noma ana fatauci kafin amana ta warware a 1875. Sa'an nan Sama'ila, wanda aka fi sani da Sama, ya hau a 1883, mutumin da Kabawa ke cewa ya ƙone gari casa'in. A zamaninsa ne Sarkin Musulmi Abdurrahman, Ɗanyen Kasko, ya tara runduna daga sassan daula ya tasam ma Argungu wajen 1892, aka kore shi mummunar kora. Wannan yaƙi ya taɓa mu nan gabas ta inda ba a zata ba, domin a cikinsa ne Galadiman Kano Tukur ya nuna jaruntakar da ta sa Sarkin Musulmi ya ƙaunace shi, har ya naɗa shi Sarkin Kano a 1893 ba da son yawancin gidan Dabo ba, abin da ya haifi Yaƙin Basasa tsakanin magoya bayansa, Tukurawa, da abokan hamayyarsa, Yusufawa.

Da Ingilishi suka zo, Sama ya karɓe su, suka tabbatar da shi a kan sarautar Argungu, amma iyakar da suka shata da Faransa ta yanke masa yawancin ƙawayensa na yamma ta jefa su cikin abin da ya zama Nijar. Gabar da takobi ya kasa kashewa kuwa sai ziyara ta kashe ta: a 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya zo Argungu, aka shirya masa su a gulbi don girmamawa, daga nan bikin kamun kifi ya samo asalinsa na zamani. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin gulbin Matan Fada, inda ake bikin, ya ga yadda dubban masunta ke jeruwa, kowa da homarsa a hannu da babban goransa, su yi tsit har a ba da alama, sa'an nan su ruga su faɗa ruwa gaba ɗaya, mutum ya kwanta a kan gora yana lalube da ƙafa, ya nutse ya ɗago da giwan ruwa wanda sai an taimaka masa kafin ya fitar da shi, to ya ga ragowar rundunar Kanta da idonsa. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin gadon al'adun duniya a 2016.

Abin da ya rage a faɗa shi ne mafi nauyi. Rayuwar fadama ambaliya ce mai zuwa a kan lokacinta, ita ke kawo sabuwar ƙasa ga shinkafa, ita ke ba kifi wurin ƙwai, ita ke barin ciyawa ga shanun Fulani da rani. A 1978 aka gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, wadda rikicin diyyar gonakinta ya jawo kisan manoma a 1980, bayanta kuma aka yi ta Goronyo a kan Rima. Tun daga nan cikar gulbi ta daina bin kalandar da manomi ya gada, wata shekara ruwa ya gaza kai wa gonakin gefe, wata shekara, kamar 2010 da 2020, ya zo da yawa ya shafe shinkafa tana gab da nuna. Gaskiya ne injin ban-ruwa da rijiyar burtsatse sun buɗe noman rani, har Jihar Kabi, wadda aka ƙirƙira a 1991, ta yi suna da shinkafa, aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a can a 2015, buhunanta kuma suna isowa kasuwar Sabon Gari. Amma ruwan da injin ke zuƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, ambaliyar nan ce take mayar da shi kowace shekara.

Saboda haka muna kira ga masana aikin gona na Samaru, waɗanda cibiyarsu ta fi shekara ɗari tana binciken ƙasar Arewa, da hukumomin da ke riƙe da makullin Bakolori da Goronyo, da su zauna da manoma da masunta da makiyayan Kabi a tsara lokacin sakin ruwa da gwargwadonsa, a kuma riƙa sanar da mutanen kwari tun kafin a buɗe ƙofa.