Baƙuwar da ke ɓoye cikin ganye

Idan aka bar tuwo cikin kwano kwana biyu ko uku lokacin damana, sai a ga wani abu kamar auduga ya rufe shi, wani wuri fari, wani wuri baƙi. Wannan ita ce hunhuna. Hunhuna abu ne mai rai. Jikinta siraran zarurruka ne, waɗanda suka fi gashin kai siranta. Danginta suna da yawa: akwai laimar kwaɗi mai fitowa gindin itace bayan ruwa, akwai burtuntuna mai ɓata zangarniyar dawa, akwai yis mai kumbura burodi. Hunhuna ba ta iya haɗa abincinta da hasken rana kamar yadda tsiro yake yi. Tilas ta ci daga jikin wani abu.

Ba kowace hunhuna ce ke ɓarna ba. A shekarar 1928, a birnin Landan, wani likita mai suna Alexander Fleming ya lura da wata hunhuna da ta faɗa cikin farantin da yake renon ƙwayoyin cuta. Duk ƙwayoyin da ke kewaye da ita sun mutu. Daga wannan hunhunar aka samo penisilin, maganin da ya ceci miliyoyin mutane. Tun daga nan masana suka shiga neman hunhuna ko'ina. Daga baya suka gano wani wurin da take ɓuya: cikin jikin tsiro mai rai.

Cuɗe ni in cuɗe ka

Ganye yana iya zama lafiyayye, ba tabo, ba tsutsa, alhali zarurrukan hunhuna suna kwance a cikinsa. Ido ba ya ganinsu, sai da madubi mai ƙara girman abu. Masana suna kiran irin wannan hunhuna andofit, ma'ana mai zama cikin tsiro. Kusan duk tsiron da aka bincika an same shi da ita, a ganye, ko ɓawo, ko saiwa.

Tsiro yana ba baƙuwarsa masauki da abinci. Ita kuwa takan sāka masa da tsaro. Ga misali. A Amurka akwai wata ciyawa da makiyaya suka shuka da yawa, domin tana jure fari, ƙwari kuma ba su cika damunta ba. Amma shanun da ke cinta sai su riƙa zazzaɓi, ba su ƙiba. A shekarar 1977 aka gane dalili. Wata hunhuna ce a cikin ciyawar take haɗa dafi don ta kore masu ci. Sai masana suka yi tunani: abin da ke da ƙarfin korar ƙwaro da saniya, wataƙila a cikin irinsa a samu mai kashe cuta.

Yadda ake fito da ita

Da farko a tsinko lafiyayyen ganye. A wanke bayansa da alkol da ruwan jabel, don a kashe duk abin da ke manne a waje. A yanka shi ƙanana-ƙanana, a ɗora bisa wani daskararren abinci da aka yi da dankalin turawa da sukari, a rufe farantin. Bayan ƴan kwanaki sai zarurruka su fito daga bakin yankan. Tun da an kashe na waje, waɗannan daga ciki suka fito. Sai a rene su cikin kwalba, a tace ruwan, a gwada shi a kan ƙwayoyin cuta. Yawancinsu ba su ba da komi. Ɗai-ɗai ne ke nuna alamar magani.

Itacen da ake kashewa don magani

A arewa maso yammacin Amurka akwai wani itace da Faransawa ke kiran irinsa if. A cikin ɓawonsa aka samu taksol, maganin ciwon sankara, wanda aka yarda a fara ba marasa lafiya a 1992. Amma itacen ba ya saurin girma, maganin da ke cikin ɓawon kaɗan ne ƙwarai, in kuwa aka saɓule ɓawon, itacen ya mutu ke nan. Kafin a yi wa mutum guda magani sai an kashe itatuwa.

A 1993, masana uku na jihar Montana, wato Andrea Stierle da Gary Strobel da Donald Stierle, suka ba da labari cewa sun samu wata hunhuna cikin itacen, wadda ita ma take haɗa taksol. Duniya ta yi murna, domin ana iya renon hunhuna cikin randa, ba sai an taɓa daji ba. Sai dai abin da ta bayar bai taka kara ya karya ba. Waɗansu masana da suka sake bincike a 2013 ma sun yi shakkar ko tana haɗa shi. An ceci itatuwan ta wata hanya: ana samun maganin daga ganyen if, da kuma tsokar itacen da ake reno a masana'anta. Duk da haka, wannan labari ne ya sa masana ƙasashe da dama suka duƙufa kan andofit.

Daga Japon zuwa Gana

Wata baƙuwar ta cika alkawari. A 1992 masanan Japon suka bayyana wani sinadari mai kashe tsutsar ciki. Sun same shi daga hunhunar ganyen kameliya, ɗan'uwan itacen shayi. Da shi aka haɗa maganin da ake kira emodepsid. Tun 2005 ake ba da shi ga kyanwoyi. Daga baya likitoci suka shiga gwada shi ga mutane a ƙasar Gana, don yaƙi da makantar bakin kogi, wadda wata tsutsa ke kawowa ta cizon ɗan baƙin ƙuda. A 2025 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta shaida cewa Nijar ce ƙasar Afirka ta farko da ta rabu da wannan cuta, amma maƙwabta da yawa suna fama da ita.

Abin riƙewa

Hanya daga ganye zuwa ƙwayar magani doguwa ce, takan ci shekaru masu yawa na awo da gwaji. Don haka abincin da ya yi hunhuna ba magani ba ne. Hunhunar gyaɗa ma dafinta hanta yake lalatawa. Gao da sabara da bagaruwa da dogon yaro, su ma ba su rasa nasu baƙi. Idan irin wani itace ya ƙare a daji, baƙin da ba su da wani masauki sai shi tare suke tafiya, tun ba a san abin da suka iya ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa hunhuna ba ta iya rayuwa sai a jikin wani abu?
2. Don me ake wanke bayan ganye kafin a yanka shi?
3. Wace matsala aka samu wajen ɗibar taksol daga ɓawon itace?
4. Ku rubuta sunayen itatuwa biyar da dattawa suka ce sun yi wuyar gani a karkararku.