Saƙonnin yaudara, cutar kwamfuta da wasannin yara: yadda za ku kare kanku

Yau da wuya a sami gidan da babu wayar salula. Da ita kuke karɓar kuɗin da ɗa ya aiko daga Yamai ko Abijan, da ita kuke jin farashin albasa da wake kafin ku kai kasuwa. Sakataren ƙungiyar manoma yana ajiye sunayen mambobi da lissafin asusu cikin kwamfuta, yara kuwa suna kai dalolinsu ɗakin wasa. Duk inda dukiya ta taru ɓarawo yana zagayawa. Amma ku riƙe wannan tun farko: mafi yawan lokaci, ɓarawon intanet ba ya samun shiga sai mai na'ura ya buɗe masa ƙofa da hannunsa. Wannan shafi zai nuna muku ƙofofin da yadda ake rufe su.

Mene ne saƙon shara?

Saƙon shara shi ne saƙon da ake aika wa dubban mutane a lokaci guda ba tare da sun nema ba. Masu aikin kwamfuta suna ce masa sifam. Yana zuwa ta wasiƙar intanet, ta gajeren saƙon waya, ta WhatsApp ko ta Facebook.

Abin ya daɗe. A watan Mayu na shekarar 1978, a ƙasar Amurka, wani ma'aikacin kamfanin sayar da kwamfuta mai suna Gary Thuerk ya aika talla guda ga mutane kusan 400. Waɗanda suka karɓa sun yi fushi ƙwarai, amma wasu ƴan kasuwa sun ga cewa hanya ce mai araha.

Arahar ita ce ke raya wannan sana'a har yau. Aika saƙo dubu ɗari kusan kyauta ne. Mu ƙaddara ɗan damfara ya aika wa mutum 100.000, cikin kowane mutum dubu kuma mutum guda kawai ya yarda. Mutum 100 ke nan. In kowannensu ya aiko da jaka goma, ɗan damfara ya sami miliyan guda na sefa yana zaune a ɗakinsa. Don haka bai san ku ba, kuma ba ku kaɗai ya aika wa ba. Koma ya jefa cikin tafki, yana jiran kifin da zai faɗa.

Wasu saƙonnin shara talla ce kawai, ba su da illa sai cika waya. Masu haɗari su ne na yaudara. A wannan yanki ana ce musu 419, domin ita ce lambar sashen dokar Najeriya da ya yi magana a kan damfara. Masu yin ta suna ko'ina cikin duniya.

Yaya ake gane saƙon yaudara?

Labarin yana canzawa, amma dabarun kaɗan ne. Ga waɗanda aka fi gani:

• An ce kun ci kyauta, mota ko kuɗi, a wata gasar da ba ku shiga ba. Kafin a ba ku, sai kun biya kuɗin takarda.

• An ce wata ƙungiyar agaji tana rabon tallafi, ko ana ɗaukar ma'aikata, ko akwai biza zuwa waje. Sai ku latsa wani adireshi ku rubuta sunanku da lambarku, ku kuma tura saƙon ga mutum ashirin.

• Saƙo ya shigo cewa an zuba muku kuɗi. Jim kaɗan wani ya kira yana roƙo, wai kuskure ya yi, ku mayar masa. In kun duba asusunku za ku tarar babu abin da ya shiga.

• Wani ya kira da sunan kamfanin waya ko banki, ya ce za a rufe layinku yau in ba ku faɗi lambar sirrinku ba.

• Saƙo ya zo daga lambar ɗan'uwa ko aboki, wai yana likita, ku aiko da kuɗi maza. Sau da yawa an sace asusunsa ne.

Duk waɗannan suna aiki da kwaɗayi, ko tsoro, ko tausayi, kuma dukansu suna cewa ku yi sauri. Ɗan damfara ba ya son ku sami lokacin yin shawara da wani. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Kyautar da sai an biya kafin a karɓa ba kyauta ba ce. Kuma babu ma'aikacin kamfani ko banki na gaskiya da yake bukatar lambar sirrinku, domin aikinsa ba ya tafiya da ita.

Akwai wata lamba da ya kamata ku sani. Idan za a buɗe WhatsApp ɗinku cikin sabuwar waya, ana aiko muku da lambobi 6 ta gajeren saƙo. In wani ya ce ku karanta masa su, asusunku yake so ya ƙwace. Da ya samu, zai shiga roƙon danginku kuɗi da sunanku.

Mece ce cutar kwamfuta?

Kwamfuta da waya suna aiki da manhaja, wato jerin umarnin da aka rubuta musu. Cutar kwamfuta, wadda ake kira birus, ita ma manhaja ce, amma an rubuta ta don ɓarna. Ba ta kama mutum. An kira ta cuta ne domin tana hayayyafa, tana tsallakawa daga na'ura zuwa na'ura kamar yadda ƙyanda ke bin yaran unguwa.

Ɗaya daga cikin na farko da suka bazu a duniya ita ce Brain, wadda wasu ƴan'uwa biyu suka rubuta a birnin Lahor na Pakistan a 1986. Ta bi faifan da mutane ke ara wa juna. A watan Mayu na 2000 wata cuta ta fito daga birnin Manila na ƙasar Filifin. Ta zo cikin siffar wasiƙar soyayya. Duk wanda ya buɗe ta, sai ta lalata masa hotuna da wasu takardu, ta kuma aika kanta ga dukan mutanen da ke cikin jerin adireshinsa. Kowa ya ga sunan wanda ya sani, sai ya buɗe. Cikin ƴan kwanaki ta kama miliyoyin kwamfutoci.

A watan Mayu na 2017 wata mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci fiye da 200.000 a ƙasashe kusan 150. Ita takan kulle takardun mutum, ta ce sai ya biya dalar Amurka 300 kafin a buɗe. A Ingila sai da asibitoci da yawa suka mayar da marasa lafiya gida. Wannan cutar ba ta jira an latsa kome ba: ta bi ta wata ɓaraka da ke cikin manhajar Windows. Kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran ɓarakar tun watan Maris, amma mutane da yawa ba su sa gyaran ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A garuruwanmu, hanyar da cuta ta saba bi ita ce ƴar ma'ajiyar nan da ake kira kile, da katin ajiya na waya. Kun kai kile shagon buga takardu ko gidan intanet, kun dawo kun sa ta cikin kwamfutar ƙungiya, cuta ta biyo ku. Wani lokaci za ku ga takardunku sun ɓace, sai wasu alamu masu ƴar kibiya a madadinsu. Kada ku latsa su, kuma kada ku yi saurin goge kilen. Sau da yawa takardun suna nan, an ɓoye su ne, mai gyara zai iya fito da su.

Sauran alamun cuta: na'ura ta yi nauyi ba dalili, tallace-tallace suna buɗe kansu, kuɗin waya yana ƙarewa ba ku kira kowa ba, ko abokai su ce suna samun saƙon da ba ku aika ba.

Wasannin yara

Ana yin wasan bidiyo ta hanya uku: da akwatin wasa da ake haɗawa da talabijin, da kwamfuta, da waya. Akwatin da aka fi sani shi ne PlayStation na kamfanin Sony, wanda ya fara fita a Japan a 1994. Na biyunsa ya fito a 2000, an kuma sayar da fiye da miliyan 150. Irinsa ne yara ke biyan kuɗi su buga ƙwallo da shi a ɗakunan wasa.

Wasa ba laifi ba ne. Yaro yana hutawa, yana saba wa na'ura, wani ma daga nan yake fara sha'awar koyon kwamfuta. Amma akwai wuraren kula.

Na farko, wasan da aka sauko da shi kyauta. Wasa mai kyau yana da tsada, don haka wasu ke rarraba kwafin sata a intanet. Sau da yawa sun cusa cuta a ciki. Yaro ya sa shi cikin kwamfutar aikin mahaifinsa ko wayar mahaifiyarsa, cutar ta kwashe kalmomin sirri. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Akwatin wasa ba ya saurin kamuwa kamar kwamfuta, domin ba kowace manhaja yake karɓa ba.

Na biyu, kuɗi. Wasanni irin su Free Fire da PUBG kyauta ne a farko, amma ana sayen tufafi da kayan faɗa a ciki da kuɗi na gaske. Yaron da ya san lambar sirrinku yana iya cinye kuɗin cefane. Ƴan damfara kuma suna yi wa yara alkawarin lu'ulu'un wasa kyauta don su karɓe asusunsu.

Na uku, baƙi. A wasan intanet yaro yana hira da mutanen da bai taɓa gani ba. Ku koya masa kada ya faɗi sunan unguwarsu ko lakkal ɗinsu, kada ya aika hotonsa. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba: a watan Afrilu na 2011 ɓarayi sun kwashi bayanan mutum miliyan 77 daga hanyar intanet ta PlayStation, aka rufe ta sama da mako uku.

Na huɗu, shekaru da lokaci. A kan kwalin wasannin da suka zo daga Turai akwai lamba: 3, 7, 12, 16 ko 18. Ita ce shekarun da ya kamata yaro ya kai kafin ya buga. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka. Ba kowane mai wasa ta shafa ba, sai wanda ya kasa dainawa, ya bar karatu da barci da aikin gida, ya ci gaba duk da yana ganin illar, har tsawon kamar shekara. Ku yanka wa yaro lokacin wasa tun yana ƙarami, ku kuma leƙa ɗakin wasan ku ga abin da yake bugawa da waɗanda yake zama da su.

Matakan kariya

1. Ku kulle wayarku da lamba. Kada ku zaɓi 1234 ko shekarar haihuwarku.

2. Lambar sirrin kuɗi taku ce ku kaɗai. A wurin cire kuɗi ku latsa ta da hannunku. In har yanzu wani ne ke karanta muku saƙo, ku zaɓi mutum guda amintacce, kuma ku roƙi malamin ajin karatun manya ya koya muku karanta saƙon kuɗi: adadi, sunan mai aikowa da abin da ya rage. Wanda ya iya wannan ya rufe babbar ƙofa.

3. Kalmar sirri ta kwamfuta ta zama doguwa. Ku haɗa kalmomi uku ko huɗu da lambobi, kuma kowane asusu da tasa.

4. Kada ku latsa adireshi ko ku buɗe takardar da ba ku san dalilin zuwanta ba, ko da sunan aboki ta zo. Ku kira shi ku ji muryarsa.

5. Kada ku amsa saƙon shara. Amsa tana nuna musu cewa lambar tana aiki. Ku goge shi, ku toshe lambar, kada ku tura wa kowa.

6. Ku bar na'ura ta sabunta kanta idan ta nema. Microsoft ya daina gyara Windows XP a 2014, Windows 7 kuma a 2020. In kwamfutarku tana da ɗayansu, ku nemi mai gyara ya canza muku.

7. Ku sa manhajar riga-kafi, wato antibirus, ku bincika kowace kile da ita kafin ku buɗe.

8. Wasa da manhaja, ku sauko da su daga shagon da ya zo tare da wayar. Kwamfutar da ke ɗauke da lissafin ƙungiya kada ta zama ta wasa.

9. Ku ajiye kwafin muhimman takardu cikin wata kile dabam da ba ta yawo. Littafin asusu na takarda ma kada a yar da shi.

10. A gidan intanet, ku fita daga asusunku kafin ku tashi.

Idan abin ya riga ya faru

Kada kunya ta sa ku yi shiru. Ƴan damfara sun cuci malamai da manyan ƴan kasuwa, kuma shirun wanda aka cuta shi ke ba su damar cutar maƙwabcinsa. Ku canza lambar sirri nan take. Ku je ofishin kamfanin waya ko bankinku ku sanar. Ku faɗa wa dangi kada su aika kuɗi ga mai roƙo da sunanku. Kada ku goge saƙonnin da lambar da ta kira ku, domin su ne shaida. Ku kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarma. Tun ranar 3 ga watan Yuli 2019 Nijar tana da dokar hukunta laifuffukan da ake yi ta intanet da waya.

In wani ya kira daga baya ya ce zai ƙwato muku kuɗinku idan kun biya shi wani abu, ku kashe wayar. Sau da yawa mutanen farko ne suka dawo.