Kwas ɗin share fage na Turancin jami'a a Birtaniya

Kwas ɗin share fage na Turancin jami'a wani gajeren horo ne da jami'o'in Birtaniya ke bai wa ɗaliban ƙasashen waje kafin su fara karatun digiri. A Turance ana kiransa pre-sessional, wato abin da ke zuwa kafin buɗe zangon karatu. Da yake shekarar karatu a can tana farawa ne a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, galibi ana yin kwas ɗin a lokacin zafi na Turai, tsakanin Yuni da Satumba, sa'ad da ɗaliban gida suka tafi hutu. Mafi yawan masu shiga ɗalibai ne da aka ba su gurbin karatu bisa sharaɗi: jami'a ta amince da takardunsu, amma makinsu a jarrabawar Turanci bai kai abin da sashensu ya nema ba.

Tarihi

Koyar da baƙi Turanci a harabar jami'a ya daɗe. A Amurka, Jami'ar Michigan ta buɗe cibiyarta ta koyar da Turanci tun 1941 a ƙarƙashin Charles Fries. A Birtaniya kuwa, malaman da ke wannan aiki a wasu jami'o'i sun kafa ƙungiya a 1972 mai suna SELMOUS domin musayar kayan koyarwa, wadda aka sauya wa suna zuwa BALEAP a 1989. Har yau ita ce ke tantance ingancin kwasa-kwasan da dama. A shekarar 1989 ɗin ce kuma aka fara jarrabawar IELTS, wadda ta zama ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen tantance wanda zai shiga. A 2020 annobar korona ta tilasta wa jami'o'i mayar da darussan kan intanet, kuma da yawansu sun ci gaba da ba da wannan zaɓi bayan annobar ta lafa.

Sharuɗɗan shiga da tsawon lokaci

IELTS tana auna saurare da karatu da rubutu da magana, kuma mafi girman makinta shi ne 9. Sassa da yawa na digiri na biyu suna neman 6.5, wasu kamar na shari'a sukan nemi 7. Ratar da ke tsakanin makin ɗalibi da abin da ake nema ita ke yanke tsawon zamansa. Wanda ya gaza da rabin maki, ko ya gaza a ɓangare ɗaya kawai, yakan yi makonni huɗu zuwa shida. Wanda ya gaza da maki guda yakan yi goma zuwa goma sha biyu, akwai ma masu yin ashirin ko fiye. Kowace jami'a da nata lissafin.

Dokar biza ma tana da ta cewa. Gwamnatin Birtaniya na buƙatar mai karatun digiri ya kai matakin B2 a ma'aunin harsuna na Turai, wanda a IELTS yake daidai da 5.5 a kowane ɓangare. Idan kwas ɗin bai wuce wata uku ba, kuma digirin zai fara cikin wata guda da kammala shi, jami'a na iya haɗa su a takardar shaida guda, ɗalibi ya nemi biza sau ɗaya. In ba haka ba sai ya nema sau biyu, ya biya kuɗi sau biyu.

Abin da ake koyarwa

Sunan kwas ɗin yakan sa a zaci nahawu ake koyarwa daga tushe. Abin da ake yi ya bambanta da haka, domin an ɗauka cewa ɗalibi ya riga ya iya Turancin yau da kullum. Abin da ake gina masa shi ne yadda ake aiki da harshen a jami'a, kuma rubutu ne ke cin kaso mafi tsoka. Ana koya masa ya karanta muƙaloli uku ko huɗu da suka saɓa wa juna, ya taƙaita kowace da kalmominsa, ya auna hujjojinsu, sannan ya ɗauki matsaya ya kare ta. Ga wanda ya taso a makarantar da ake yaba wa mai mayar wa malami abin da ya faɗa daidai wa daida, wannan sauyi ya fi koyon sababbin kalmomi wahala. Ɗalibi na iya rubuta jimloli marasa kuskure amma ya sami maki kaɗan, saboda bayani kawai ya jera, bai yi nazari ba.

Ambaton madogara na biye da shi. Ana horar da ɗalibai kan tsare-tsare irin su Harvard da APA, da kuma bambanci tsakanin kawo maganar wani cikin baka da sake faɗarta da kalmomin kai. Jami'o'in Birtaniya suna ɗaukar satar rubutu a matsayin babban laifi da kan kai ga soke maki ko kora, kuma yawancinsu suna bi da ayyukan ɗalibai ta manhajar Turnitin. Da yawa daga masu faɗawa wannan tarko ba da niyyar cuta suke yi ba, rashin sanin ƙa'ida ne.

Sauran darussan sun haɗa da ɗaukar bayanai yayin lacca, shiga muhawara a ƙaramin aji, gabatar da jawabi, da amfani da laburare. A fannin kalmomi, ana yawan dogara da jerin da Averil Coxhead ta Jami'ar Victoria da ke Wellington ta fitar a 2000, mai ɗauke da dangin kalmomi 570 da ke yawan fitowa a rubuce-rubucen ilimi. A ƙarshe ɗalibi kan miƙa doguwar muƙala ta bincike, ya gabatar da ita a gaban aji, ya kuma zauna gwaji. Idan ya ci, yawanci ba sai ya sake zama IELTS ba. Idan ya faɗi, yana iya rasa gurbin bayan ya kashe kuɗin makaranta da na masauki da na jirgi.

Muhawara

Babbar tambayar da ake yi ita ce ko makonni goma sun isa. Masanin harshe Jim Cummins ya bambanta harshen hira da harshen ilimi, ya nuna cewa yaran baƙi a Kanada kan kware a na farko cikin kimanin shekara biyu, na biyun kuwa yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Binciken nasa a kan yara ne, amma ana yawan kafa hujja da shi a nan: kwas ɗin yana koyar da dabaru da ƙa'idoji da sauri, zurfin harshe kuwa sai a hankali. Shi ya sa jami'o'i ke ci gaba da ba da darussan tallafi a cikin zangon karatu.

Akwai kuma batun kuɗi. Ɗaliban waje suna biyan kuɗin makaranta fiye da 'yan ƙasa nesa ba kusa ba, kuma jami'ar da ke son su shigo ita ce ke yi musu gwajin ƙarshe. Masu suka na ganin wannan na iya jawo sassauci. Malaman fannin kuma suna cewa muƙalar da aka yi makonni ana gyarawa ta fi jarrabawar sa'o'i uku nuna ko mutum zai iya karatun digiri.

Ɗaliban Afirka ta Yamma

Shekaru da dama ɗaliban Sin ne suka fi cika waɗannan azuzuwa. 'Yan Najeriya ba su cika shiga ba, domin jami'o'in Birtaniya da yawa suna karɓar sakamakon Turanci na WAEC, galibi C6 ko sama, a madadin IELTS, duk da cewa Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da hukumar bizar Birtaniya ta yafe wa gwajin harshe. Wannan sauƙi yana nufin ɗalibi na iya isa aji ba tare da an taɓa nuna masa tsarin ambaton madogara ba. Ɗaliban Nijar da Chadi, waɗanda suka yi karatu da Faransanci ko Larabci, su ne suka fi fuskantar sharaɗin IELTS da kwas ɗin share fage.